Memori Da Kwamfuta: Wane Kad-Rida Zan Saya, Kuma Me Zan Yi Idan Ta Ce In Yi Fomatin?

Wani mai ɗaukar hoto daga Tudun Wadan Zariya ya rubuto: "Ina ɗaukar hotunan biki da na hawan Sallah a Ƙofar Fada. Sabuwar laftof ɗina ba ta da ramin saka kati. Na je PZ an nuna mini kad-rida, wato na'urar da ake saka kati a jona da kwamfuta, kala-kala, daga mai arha har mai tsada. Katina 128GB ne. Wanne zan ɗauka?"

Malam, kafin ka kalli farashi, zaro katin ka karanta abin da ke jikinsa. Katunan SD zuriya-zuriya ne. Na farko ba sa wuce 2GB. SDHC, wanda ya fito a 2006, yana kaiwa 32GB. SDXC kuma, na 2009, daga sama da 32GB ne har zuwa 2TB. Naka mai 128GB SDXC ne, kuma tsohon kad-rida da aka ƙera kafin zuwansa zai iya ƙin ganinsa sam. Don haka sai ka ga SDXC a rubuce a kwalin sannan ka ciro kuɗi.

Sai batun gudu, wanda a sana'arka shi ne kuɗi. Kad-rida mai USB 2.0 da ƙyar yake wuce 30 zuwa 40MB a daƙiƙa, ko da katin ya fi ƙarfin haka. Kamar ka juye jarkar man gyaɗa ne ta ƙaramin mazurari. Hotunan 32GB za su ci maka kusan minti 18. Da mai USB 3.0 da kati mai kyau da ke ba da 90MB a daƙiƙa, minti 6 ya isa. Wanda dangin amarya ke tsaye a kansa, batirin laftof na ja baya, ba a kawo wuta ba, ya san bambancin. Galibi za ka gane USB 3.0 da shuɗin launi a cikin bakinsa, kuma dole ramin laftof ɗin ma ya zama 3.0. Duba ko ramin naka babba ne na da, ko ƙaramin USB-C, kada ka isa gida ka tarar bai shiga ba.

Juya bayan katin kuma. Idan layin haƙoran zinare biyu ne, UHS-II ne, kuma ba zai ba ka cikakken gudunsa ba sai a kad-rida mai UHS-II. Idan layi ɗaya ne, kada ka ɓata kuɗinka a kan wannan.

Ni dai na fi son mai 'yar gajeriyar waya a kan wanda ake cusawa kai tsaye a jikin laftof. Na cusawar yana tare ramin da ke gefensa, kuma da an ɗan ture shi sai ya katse ana tsakiyar kwafi. Mai ramuka barkatai da ake cewa yana cin kowane kati ba ka buƙatarsa, sai in kana da tsohuwar kyamara mai CompactFlash. Ramin SD da na microSD, wato ƙaramin memorin waya, sun wadatar. Tafi shagon da laftof ɗinka da wani katin da ba shi da muhimmin abu, ka gwada a gaban mai kaya.

Haɗawar ba ta da wuya, ba faifai, ba saukar da wata manhaja. Saka kati, jona kad-ridan, buɗe This PC, za ka ga sabon harafi kamar E ko F. Hotunan suna cikin foldar DCIM. Roƙona ɗaya: ka yi Copy, kada ka yi Cut. Sai ka buɗe hotunan a kwamfuta ka tabbatar sun sauka lafiya, ka ajiye kwafi na biyu a wani wurin, sannan ka goge katin, a cikin kyamarar kanta. Kafin ka zare kuma ka danna Eject ka jira. Hawan Daushe ba a maimaita shi don katin wani ya lalace.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Samaru ta ce: "Furojet ɗina yana cikin memorin wayata. Na cire na saka a kad-rida, sai kwamfuta ta ce sai na yi fomatin kafin in yi amfani da shi. In danna?"

'Yar'uwa, kada ki danna. Danna Cancel, ki yi Eject, ki zare. Wannan saƙon ba ya nufin aikinki ya tafi. Abin da yake nufi shi ne kwamfutar ta kasa fahimtar tsarin katin. Fomatin ɗin, wato share katin a sake tsara shi, shi ne zai jefa ki cikin wahala.

Mayar da memorin cikin wayar. Idan komai ya bayyana, to da alama lokacin da kika fara saka shi kin zaɓi ya zama ɓangare na ma'ajiyar cikin waya. Tun Android 6.0 na 2015 ake da wannan zaɓin a wasu wayoyi, kuma yana kulle katin ta yadda wannan wayar kaɗai ke iya karanta shi. Babu kad-ridan da zai buɗe shi, komai tsadarsa. Ki bar shi a ciki, ki haɗa wayar da kwamfuta ta kebul, ki zaɓi tura fayil, ki kwashe. Kuma kada ki bari mai gyara ya yi wa wayar fulashin kafin ki kwashe, domin makullin zai tafi tare da shi.

Idan wayar ma ta ƙi ganinsa, goge haƙoran katin da busasshen ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturun Zariya tana shiga ko'ina. Gwada wani kad-ridan da wata kwamfutar. In duk ya ƙi, akwai manhajoji na kyauta irin su PhotoRec da Recuva da ke tono fayiloli. Sharaɗin shi ne kada ki ƙara ajiye komai a katin, kuma abin da aka tono a zuba shi a kwamfuta, ba a katin ba.

Akwai wata cutar da ɗalibai ke kwasowa a shagunan buga takardu: ki buɗe kati ki ga foldodinki duk sun koma masu 'yar kibiya a ƙasa. Bairos ne ya ɓoye na ainihin, suna nan. Kada ki buɗe masu kibiyar. Ki wanke katin da antibairos, ki kunna nuna ɓoyayyun fayiloli. Daga yau kuma, duk babin da kika gama ki tura wa kanki ta imel. Abin yana ci mini rai in ga aikin shekara guda yana rataye a kan abin da bai kai farce ba.

Wani dattijo daga cikin Birni ya tambaya: yana son jikansa ya zuba masa karatun tafsiri a memori don ƙaramar rediyonsa, amma kwamfuta ta ce katin a kulle yake.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. A duba babban gidan da ake zura ƙaramin memorin a ciki. A gefensa na hagu akwai ɗan maɓalli. Idan ya sauka wajen da aka rubuta Lock, a tura shi sama. In ya yi sako-sako yana zamewa da kansa, a canza gidan, ko a saka memorin kai tsaye a ramin microSD. Idan kuwa duk da haka ya ƙi karɓar sabon abu, katin ne ya gaji, a kwashe abin da ke ciki a sayi wani. A saya muku 32GB ko ƙasa da haka, domin yawancin ƙananan rediyoyi tsarin FAT32 suke ganewa, manyan katuna kuwa da exFAT suke zuwa.

Wani mai tura karatu da finafinai a Sabon Gari ya ce: "Na sayi memori 256GB da arha. Ina zuba kaya suna shiga, amma rabinsu ba sa buɗewa. Kad-ridan ne?"

Ɗan'uwa, na fi zargin katin. Jabun memori ana sauya masa lissafi ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Yana iya zama 8GB ko 16GB a zahiri, da ya cika sai abin da aka ƙara ya lalace, kwamfuta kuwa tana nuna komai ya shiga. Ba wannan ba ne ɗan giɓin da ake gani a katin gaske, inda 64GB ke nuna kusan 59, wancan bambancin lissafi ne kawai.

Sauke H2testw, kyauta ce. Ka ba ta katin babu komai a ciki, za ta cika shi ta sake karantawa, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Takan ɗauki sa'o'i a babban kati, don haka ka yi yarjejeniya da mai shago tun wajen saye cewa in ya faɗi gwajin za ka dawo da shi, ka karɓi rasit. Ka gwada wani katin da ka yarda da shi a kad-ridan naka. In ya yi aiki lafiya, kad-ridan ba shi da laifi, kuma kada ka sayar wa kowa da sauran katunan da ka saro tare da wannan sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.