Filin Tambayoyinku: Zaɓen Fafaroma da Azumin Kwana Arba'in

Tambaya: Malam Katikis, barka da aiki. Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 muke ta muhawara da abokaina bayan an tashi daga Misa. Wasu na cewa an yi wa Afirka rashin adalci, domin a nahiyarmu ce Ikilisiya ke bunƙasa, amma aka sake tsallake mu aka ba Ba'amurke. Shin babu tsarin karɓa-karɓa a zaɓen Fafaroma ne? Daga wani matashi a Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Babu karɓa-karɓa a wannan zaɓe, kuma ba a taɓa yin sa ba. Na fahimci inda tambayar ta samo asali, domin mun saba da siyasar da ake raba kujeru tsakanin shiyyoyi, amma kujerar Bitrus, wato kujerar Fafaroma, ba a raba ta da wannan ma'auni.

Ga yadda abin ya gudana. Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 2025, kashegarin Ista, yana da shekara 88. Kadinalolin da ba su kai shekara 80 ba ne kaɗai ke da ƙuri'a, kuma 133 daga cikinsu suka shiga ɗakin sujada na Sistina a Batikan ranar 7 ga Mayu, aka rufe ƙofa, aka raba su da waya da jarida da duk wata hanyar jin labarin waje. Kowannensu yakan rubuta suna ɗaya a kan 'yar takarda, ya ninke ta, ya ɗaga ta sama yana tafiya zuwa gaban bagade, sa'an nan ya rantse cewa Almasihu ne shaidarsa, wanda ya zaɓa shi ne wanda ya gaskata a gaban Allah ya cancanta. Ana bukatar kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89 a wannan karon. Dokar da Fafaroma John Paul na 2 ya kafa a 1996 ta haramta wa kadinaloli ƙulla yarjejeniya ko yin alkawarin ƙuri'a, kuma hukuncin wanda ya yi haka shi ne yankewa daga Ikilisiya. A zagaye na huɗu, ranar 8 ga Mayu, farin hayaƙi ya tashi, aka sanar da sunan Kadinal Robert Francis Prevost, wanda ya ɗauki sunan Leo na 14.

A cikin masu zaɓen, 'yan Afirka ba su kai 20 ba, kuma daga Najeriya mutum ɗaya ne ya jefa ƙuri'a, wato Kadinal Peter Okpaleke na Ekwulobia, domin Kadinal Arinze da Okogie da Onaiyekan duk sun haura 80. A nan ina ganin abokanka suna da ƙanshin gaskiya: idan aka dubi yadda majami'unmu ke cika maƙil kowace Lahadi, da yawan matasan da ke neman shiga makarantun horar da limamai, wannan adadi ya yi kaɗan, kuma babu laifi a faɗi haka cikin ladabi.

Sai dai kiran sabon Fafaroma da “Ba'amurke” kawai ya tauye tarihinsa. An haife shi a Chicago a 1955, amma ya yi shekaru masu yawa yana aikin bishara a Peru, ya zama Bishop na Chiclayo, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar. Ɗan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne, kuma shi ya shugabance ta a duniya daga 2001 zuwa 2013, lokacin da ya sha zuwa Najeriya ziyarar 'yan'uwansa, waɗanda magabatansu suka yi aikin dasa Ikilisiya a yankunan Yola da Maiduguri. Shi kansa Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne, Bishop na Hippo da ke cikin Aljeriya ta yau, ya rasu a shekara ta 430. Tarihin Ikilisiya kuma ya lissafa Fafaroma uku masu asali da Arewacin Afirka a ƙarnukan farko: Victor na 1, da Miltiades, da Gelasius na 1. Saboda haka babu wata doka da ta hana ɗan Afirka, kuma ina fatan mu ga wannan rana da idonmu.

Tambaya: Malam, a 2025 azuminmu ya haɗu da na maƙwabtana Musulmi. Wata ƙawata ta gan ni ina shan ruwa da rana, ta ce cikin raha wannan ai ba azumi ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai har yau. Shin azumina ya karɓu? Daga wata uwa 'yar Zumunta a Funtuwa.

Amsa: Mama, ki kwantar da hankalinki, shan ruwa ba ya karya azumin Katolika. A waccan shekara Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma, wato ranar da azuminmu na kwana arba'in ke farawa, ta faɗo ranar 5 ga wata, don haka dole a yi ta kwatanta su, amma kowane azumi da ƙa'idarsa.

Abin da Ikilisiya ta wajabta kaɗan ne. A ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, duk wanda ya cika shekara 18 bai kai 60 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya kawai, tare da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakken abinci ba. A waɗannan ranaku biyu da kowace Juma'a ta kwana arba'in ɗin, wanda ya kai shekara 14 ba zai ci nama ba, amma kifi ya halatta. Marasa lafiya da masu juna biyu da masu shayarwa an ɗauke musu azumin.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema, kuma abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikinmu mun tsaya a nan. Muna layi a shafa mana toka a goshi, tokar da aka samu daga ƙone ganyen dabinon bara, ana tuna mana cewa mu turɓaya ne, ga turɓaya kuma za mu koma, sa'an nan mu koma gida mu ci gaba da rayuwa kamar ba a yi ba. Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya ɗaure azumi da raba abinci da mayunwaci da kwance wa wanda aka zalunta sarƙa, shi ya sa Ikilisiya ba ta raba azumi da addu'a da sadaka. Kuɗin naman da ba ki saya ba ranar Juma'a, ki kai wa gwauruwar da ke unguwarku, ki kuma halarci Hanyar Gicciye da yamma. Idan lafiyarki ta yarda kuma kina son ki kame baki har faɗuwar rana, kamar yadda Kiristoci da yawa ke yi a garuruwanmu, babu mai hana ki, sai dai ki fara shawartar Fada na cocinku, musamman in kina shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari.

Ita kuma ƙawarki, ki bayyana mata waɗannan ƙa'idoji cikin sakin fuska, kuma idan ta aiko miki da ƙosai da kunu lokacin buɗa baki, ki karɓa da hannu biyu, ki rama mata da abincin Ista.