Su wane ne wannan Akademiyar Kimiyya, kuma me take tsinana mana?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar wake ne a Mile 12 nan Legas. Ana ta gardama a rumfarmu kan waken da aka ce an sauya wa halitta. Wani ya ce ai ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasa ta riga ta ce irin wannan abinci ba shi da illa. Wace ƙungiya ce wannan? Hukuma ce? Kuma wane amfani take yi wa talaka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ƙungiyar da abokinka yake nufi ita ce Nigerian Academy of Science, kuma ba ta da nisa da kai, don ofishinta yana cikin harabar Jami'ar Legas a Akoka. An kafa ta a 1977 da mutum 45. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kuma ba a shigarta da cike fom ko biyan kuɗin rajista. Waɗanda suke ciki ne ke duba aikin da mutum ya yi shekara da shekaru, su kaɗa masa ƙuri'a. Cikin waɗanda suka shugabance ta akwai Farfesa Oyewale Tomori, masanin ƙwayoyin cuta, da Farfesa Ekanem Braide, mace ta farko da ta hau kujerar a 2021.

Abin da mutane suka fi kuskure a kai shi ne ɗaukar cewa ita ke yin binciken. A'a. Waken da kuke gardama a kansa, SAMPEA 20-T, a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya aka samar da shi, aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019. Izinin fitar da irin wannan iri kuma NBMA ce ke bayarwa, wato hukumar gwamnati mai sa ido kan abubuwan da aka sauya wa halitta. Aikin ƙungiya irin wannan tantancewa ne. Ka san yadda ba a barin mai kaya ya zo da mudunsa ya auna wa kansa a kasuwa. To haka ilimi ma. Mai bincike ya rubuta abin da ya gano, a miƙa wa wasu masana biyu ko uku da suka san fannin, su bi hanyar da ya bi, su duba lissafinsa, su ce a buga ko a mayar masa ya gyara ko a watsar. Tun 1665 Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, take fitar da mujalla don wannan musayar, ita ma Akademiyar tamu tana da tata mujallar. Nan ne bincike ke ci gaba, domin wanda yake Maiduguri zai ɗora daga inda na Ibadan ya tsaya, ba sai ya sake faro wa daga tushe ba.

Aiki na biyu shi ne ba gwamnati shawara da murya ɗaya. Farfesa guda zai iya zama yana da ra'ayi, ko yana cin kwangila a wani wuri. Amma kwamitin da ya haɗa likita da masanin sinadarai da masanin noma, suka karanta duk hujjojin da ke ƙasa, sayensa da wuya. Da wannan matsayi ne Akademiyar ta fito a 2016 ta ce abincin da aka sauya wa halitta ba shi da haɗari ga mai ci. Lura da shekarar: maganar ta riga fitowar waken Samaru, saboda haka kan fasahar gaba ɗaya aka yi ta. Kuma hukuncin masana na bin hujjar da ke hannu ne. In sabuwa ta ɓullo, dole su sake zama.

Inda nake ganin gazawarta kuwa, ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Za ta rubuta rahoto mai kyau, ya je ya kwanta a durowar wani darakta a Abuja. Sannan kusan duk maganarta da Turanci take yi, a zauren taro. Ga Mile 12, ga Agege, ga Idi-Araba cike da masu kawo wa Legas abinci, amma sai labari ya bi ta bakin mutum goma kafin ya iso rumfarku.

Tunda wake ne sana'arka, bari in ƙara maka wani abu da ya fi gardamar nan kusa da aljihunka. An yi waken Samaru ne don ya jure tsutsar da ke huda kwanso a gona, shi ya sa manomi ke rage feshi. Bai hana ƙwaron da ke cin wake a cikin buhu ba. Wannan ƙwaron ne ke sa wasu zuba Sniper a kaya, kuma ragowar sinadarinsa, dichlorvos, ita ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Masu bincike sun daɗe da samo mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwaron zai rasa iska ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba.