Amsa ga mai tambaya kan masu kwana a titunan Accra

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina da ya tambayi abin da ke sa mutane kwana a bakin shaguna da ƙarƙashin gadar Circle, babban shataletalen Accra, ko lalaci ne ko shaye-shaye, ga abin da na sani. A Nima aka haife ni, kuma na daɗe cikin kwamitin masallacin unguwarmu, inda duk wanda aka watsar wa kaya waje yake fara yin sallama.

Ka fita kafin sallar asuba ka bi ta Tudu ko Kantamanto ko Agbogbloshie. Waɗanda za ka tarar suna naɗe kwali da leda, kafin gari ya waye sun kama aiki: 'yan mata kayaye, wato masu dako a ka, da manyan kwanukansu, masu tura baro, yaran mota, masu tallan ruwan leda. Raggo ba ya ɗaukar buhun albasa a ka daga kasuwa zuwa tasha. Suna samun na abinci, suna biyan kuɗin wanka da na bayan gida kullum. Abin da ya gagare su haɗawa shi ne adibas ɗin ɗaki, wato kuɗin hayar da ake biya gaba a dunƙule.

A ganina nan ne gindin matsalar. Dokar hayar Ghana ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar fiye da na wata shida gaba. To je ka nemi ɗaki ɗaya a Maamobi ko Madina ka ji. Shekara biyu za a ce maka, in an tausaya shekara ɗaya, ga kason dillali, ga kuɗin da za ka ba shi don kawai ya kai ka ka gani. Wanda yake samu yau ya ci yau, ina zai ga kuɗin wata ashirin da huɗu a dunƙule? Ofishin Rent Control, mai kula da rikicin haya, yana nan, amma ba mai kai ƙarar mai gida alhali mutum goma na bayansa suna jiran ɗakin. Ƙidayar 2021 ta nuna jihar Greater Accra ta haura mutum miliyan 5.4, har ta wuce Ashanti, kuma gwamnati da kanta ta ce ƙasar na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. Sai ga gidajen gwamnati na Saglemi a wajen Accra, da aka ciyo bashin dala miliyan 200 domin su, sun yi shekaru a kulle ciyawa na cin su. Duk ranar da na tuna wannan raina yakan ɓaci.

Akwai wani birkila da ke salla a sahunmu, mai mata da 'ya'ya uku. Adibas ɗinsa ya ƙare a ƙarshen 2022, lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai gida ya ninka haya, ya kuma ce sai na shekara biyu. Mutumin ya mai da iyalinsa gidan surukai a Kumasi, a kan zai dawo da su bayan wata uku. Shi kuma ya koma kwana a kangon da yake ginawa, yana shimfiɗa buhun siminti. Cebur da ma'auninsa da 'yar jakar tufafinsa a bayan mumbarinmu yake ajiye su. Ranar Juma'a zai zo da farar riga a goge, ba wanda zai ce ba shi da wurin kwana. Irinsa suna da yawa, kunya ce ke ɓoye su. Wata ukun nan ya zama shekara, auren bai kai labari ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan zango, wanda ba mu cika son a faɗa ba. A da baƙo in ya sauka daga Kano ko Sakkwato ko Bawku, akwai mai masauki. Zaure a buɗe yake, tabarma na nan, tuwon dare na fitowa, sai ya sami abin yi sannan ya kama ɗaki. Yanzu dattijan sun rasu, an raba gado, gida ɗaya magada goma sha. An toshe zauren an mai da shi shago, ɗakin baƙi an ba ɗan haya. Ba na zargin magada, su ma a matse suke, wasu mutum bakwai ne a ɗaki guda. Amma wanda a da zango zai rufa wa asiri, yau titi ne ke karɓarsa.

Daga arewacin Ghana kuma ba a daina zuwa ba, don noma sau ɗaya ne a shekara, rani ba aiki. Old Fadama, unguwar ɗakunan katako da ke kusa da Agbogbloshie, ta cika ne bayan rikicin ƙabilun Konkomba da Nanumba da Dagomba na 1994. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Circle, wadda ta ci rai sama da 150, hukumar birni ta rushe ɗakunan katako masu yawa a bakin rafin Odaw. A 2021 aka share filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, aka mai da 'yan albasa Adjen Kotoku. Ba na musun cewa zama a bakin kwata haɗari ne. Sai dai wanda aka rushe wa ɗaki da safe ba a nuna masa wani ba, da dare dole ya kwanta a wani wuri. Haka 'yan'uwanmu na Nijar masu bara da yara a bakin danja: a Mayun 2025 jami'an shige da fice sun kwashe sama da mutum 2,000, amma yunwa da rashin tsaron da suka koro su suna nan.

Shaye-shayen da ka ambata, ƙanina, gaskiya ne akwai shi. Taramol ya lalata mana samari. Amma na ga waɗanda sai da suka yi watanni a waje, ga sauro, ga ruwan sama, ga tsoron ɓarayi, sannan suka fara sha don su iya runtsawa. 'Yan matan kuwa a jere suke kwana, babbarsu a gefe, saboda mazan banza. Masu taɓin hankali ma in dangi sun gaji sai titi, tunda manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu.

A masallacinmu mun fara adashe na adibas kawai, mai matsala mafi kusa shi ke fara ɗauka. Akwai kuma shirin rancen haya da gwamnati ta ƙaddamar a 2023, sai dai yana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, abin da mai tura baro ba shi da shi. Shi ya sa nake roƙon alhazai da hajiyoyi masu gidaje da ke karanta wannan, don girman Allah ku gwada karɓar wata shida, ku rubuta yarjejeniya, ku ba da rasit. In tsoron rashin biya ne, kwamitinmu a shirye yake ya tsaya wa wanda muka sani.