Kada ka cire babin aikin nan

Yarona, ka ce jarumin labarinka ɗan ci-rani ne, mai ilimi a gida amma mai gadi a ƙasar waje, kana tambaya ko ka soke babin da yake bakin aiki don kada mai karatu ya ƙosa. A'a, bar shi. Nan ne ma naman labarin yake.

Dubi yadda Antanas Škėma, mutumin Lituweniya, ya yi da irin wannan. Ya bar ƙasarsa a 1944 da sojojin Sobiyet suka dawo, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus, ya isa Amurka a 1949. A gida ɗan wasan kwaikwayo ne sananne. A New York kuwa sai ga shi yana tuƙa lif, yana hawa da sauka da baƙi a wani katafaren otel. Wannan aikin ya ɗora wa jarumin littafinsa Balta drobulė, da aka buga a Landan a 1958.

Jarumin, Antanas Garšva, marubucin waƙa ne. A otel an sa masa kayan aiki da farar safar hannu, an kuma ba shi lamba 87. Ƙofa ta buɗe, a faɗa masa hawa na nawa, ya rufe, su tashi. Ba mai tambayar sunansa, balle waƙarsa. Kai ma da ka karanta za ka ji ƙuncin akwatin nan a ƙirjinka, ka san ƙasa ta suɓuce wa mutumin.

Ga inda gwanintar take, ka lura da kyau. Hannu ya saba da aikin, saboda haka zuciya ta samu sararin yawo. Tsakanin hawa da hawa sai tunaninsa ya koma Kaunas, wani birni a ƙasarsu, ya tuna mahaifiyarsa da ta samu taɓin hankali, ya tuna yaƙi, ya faɗo kan Elena, matar auren da yake so. Wasu babukan ma daga rubuce-rubucen Garšva aka ciro su, da bakinsa yake magana. Labarin a gutsure yake domin hankalin mai shi yana gutsurewa ne, har ya kai ga hauka.

To koma kan mai gadinka. Nemo abin da hannunsa ke maimaitawa duk dare, tocila ce ko kwaɗon ƙofa, ka bar gida ya riƙa faɗo masa a rai a daidai nan. Rage bayanin kewa da ka cika shafi biyu da shi, ka kawo mini in sake dubawa.