Ga 'yar'uwarmu mai fama da ciwon ɓarin kai

Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce fiye da rabin wata kina kwance a ɗaki mai duhu, kuma kina neman sanin wane maganin rigakafi ya fi. Ni ma na daɗe da wannan ciwo a nan Garwa.

Ki fara ƙirga kwanakin da kike shan maganin kashe zafi. Idan parasitamol ya kai kwana 15 a wata, ko taramol kwana 10, to mai yiwuwa maganin da kansa yake riƙe miki ciwon. Ki riƙa sa alama a kalanda, ki tafi da ita wurin likita.

Amitriptyline aka fara ba ni, mai araha ne, da dare ake sha. Barci ya gyaru, sai dai tashin asuba da ƙyar, baki a bushe ƙamas, ga ƙiba har rigunan sallah suka daina shiga. Propranolol ya dace da mai hawan jini, jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, amma mai asma kada ta kusance shi, kuma ba a yanke shi lokaci guda.

Wanda ya karɓe ni shi ne topiramate, yana kuma cikin waɗanda bincike ya fi tabbatarwa ga ciwo mai yawan kwanaki irin namu. Amma yana da nasa hali. Yatsu su riƙa tsikari, abinci ya fita rai, kina cikin magana sunan ludayi ya ɓace miki. Yana rage gumi, yana iya kawo tsakuwar ƙoda, kin kuwa san zafin Garwa a Maris da Afrilu. Dole ki yawaita ruwa, batun azumi kuma ku tsara shi da likita tun da wuri.

Idan kina da ciki ko kina nema, ki faɗa tun kafin a rubuta takarda. Valproate, wanda shi ma maganin rigakafin ne, na illata jariri sosai, topiramate ma haka.

Akwai allurar Botox duk mako 12, da sababbin allurai na wata-wata irin su erenumab, amma tsada gare su, sai dai ki tambayi likitan jijiyoyi in kin sauka Yawunde ko Duwala.

Kowanne aka ba ki cikin magungunan sha, da kaɗan ake farawa, kuma sai ya yi wata 2 zuwa 3 kafin a ce bai yi ba. In kwanakin ciwo sun ragu da rabi, likitoci na ɗaukar cewa maganin ya yi aiki.