Tambaya da Amsa: Lokaci na Ƙare Mini a Sashen Karatu na Jarrabawar IELTS

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina neman rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wadda ta sharɗanta maki 7 a sashen karatu na IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci. Na zauna jarrabawar, na samu abin da ake nema a sauraro da magana da rubutu, amma a karatu na tsaya a maki 6. Da Turanci na yi makaranta tun daga firamare, da shi kuma nake aiki kullum, duk da haka lokaci kan ƙare mini ina tsakiyar matani na uku, sannan tambayoyin da ake amsawa da True (gaskiya), False (ƙarya) ko Not Given (ba a faɗa ba) suna rikita ni ƙwarai. Ina roƙon Malam ya nuna mini ta inda zan ɓullo wa lamarin kafin in sake biyan kuɗin jarrabawa. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a, ya kuma saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiya.

Ya kamata mu fara da lissafi, domin shi zai nuna miki cewa tazarar da ke gabanki ba ta kai yadda kike tsammani ba. Sashen karatu na wannan jarrabawa, a ɓangarenta na masu neman ilimi mai zurfi da rajistar aiki irin naki, yana da matanoni 3 da tambayoyi 40, ana kuma ba da minti 60. Jimillar kalmomin matanonin takan kama daga 2,150 zuwa 2,750. A ma'aunin da masu jarrabawar suka wallafa, amsoshi kimanin 23 daidai su ke ba da maki 6, kimanin 30 kuma su ba da maki 7, ko da yake adadin kan ɗan motsa gwargwadon nauyin takardar ranar. Ke nan abin da ke tsakaninki da burinki bai wuce amsoshi bakwai ba, kuma kina iya faɗuwa tambayoyi goma cif ki fito da makin da kike nema. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai ɓata minti biyar a kan tambaya guda mai taurin kai ba, tunda amsa ɗaya tak za a lissafa ta, daidai da mafi sauƙi a takardar.

Daga yadda kika bayyana matsalar, na fi zaton kina karanta kowane matani ne daga farko zuwa ƙarshe, kalma bayan kalma, kamar yadda aka koya mana a sakandare, sannan ki juya ga tambayoyi, ki sake komawa ki nemo abin da kika riga kika manta. Wannan karatu biyu ne a lokacin da aka ware wa ɗaya. Ki tuna yadda kike yi idan kika karɓi aikin dare aka miƙo miki fayil ɗin marar lafiya mai kauri: ba kya farawa daga shafin ranar da aka kwantar da shi, kin san inda ake rubuta awon jini da inda likita ke rubuta magani, can idonki ke zuwa kai tsaye, kuma idan kin isa wurin kina karantawa da natsuwa domin kuskure a nan ba abin wasa ba ne. Haka ake so ki yi da matanin jarrabawa. Ki ba shi minti biyu zuwa uku, ki duba kansa, ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi, ki san abin da kowanne ya ƙunsa a dunƙule. Daga nan ki ɗauki tambaya, ki zaɓi abin da zai yi saurin bayyana a ido, kamar sunan mutum ko na gari ko shekara ko adadi, ki nemo wurin, sannan ki rage gudu ki karanta jimloli biyu ko uku da ke wurin sosai. Akwai wani sauƙi da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a yawancin nau'o'in tambayoyi, har da waɗanda ke rikita ki, amsoshin suna bin jerin matanin ne, wato amsar tambaya ta 9 tana ƙasa da ta 8. Banda irin wadda ake cewa a haɗa kowane sakin layi da kan da ya dace da shi, da wadda ake tambayar a wane sakin layi wani bayani yake, domin waɗannan a warwatse suke, shi ya sa ya fi kyau a bar su sai an gama sauran tambayoyin matanin, lokacin da aka riga aka san lungunansa.

Yanzu ga babbar maganar. Tambayoyin nan masu amsa uku ba iliminki suke aunawa ba, abin da marubucin matanin ya faɗa kawai suke bi. Ki ɗauka matani ya ce: "Asalin bishiyar gahawa daga ƙasar Habasha ne, kuma a ƙarni na 15 an riga an fara shan gahawa a Yemen." Idan aka kawo miki magana cewa mutanen Yemen sun san shan gahawa kafin ƙarni na 16, wannan gaskiya ce, domin abin da matanin ya faɗa ne aka sake wa kaya. Idan aka ce a Yemen bishiyar ta samo asali, wannan ƙarya ce, domin matanin ya faɗi akasin haka ɓaro-ɓaro. Idan kuwa aka ce gahawar Yemen ta fi ta Habasha tsada, amsar ita ce ba a faɗa ba, ko da kuwa ke kin taɓa saye a kasuwa kin san farashin kowacce. Ƙa'idar da nake so ki riƙe ita ce, kada ki zaɓi ƙarya sai kin iya ɗora yatsa a kan jimlar da ta ci karo da maganar. Idan kin duba wurin da ya kamata amsar ta kasance, ba ki ga abin da ya tabbatar ba, ba ki kuma ga abin da ya ƙaryata ba, to ba a faɗa ba ne, ki rubuta ki wuce.

Masu ilimin fanni irinki sun fi kowa faɗawa wannan rami idan matanin ya shafi lafiya, saboda ƙwaƙwalwa takan cike giɓin da marubucin ya bari da abin da ta sani daga asibiti. Haka kuma ki sa ido a kan ƙananan kalmomin da ke iyakance magana, irin waɗanda ke nufin "wasu", "yawanci", "duka", "kullum", "kaɗai" da "mai yiwuwa". Matani zai ce wasu masu bincike suna ganin abu kaza, tambaya ta zo ta ce masu bincike sun yi ittifaƙi a kansa. Duk sauran kalmomin iri ɗaya ne, amma maganar ta canza. A ganina rabin wahalar wannan sashe a nan take.

Game da rabon lokaci, shawarar da aka saba bayarwa ita ce minti 20 ga kowane matani, amma tunda na ƙarshe galibi ya fi nauyi, ki horar da kanki ki gama na farko a minti 16 ko 17. Idan a takarda kike rubutawa, ki sani ba a ƙara ko minti ɗaya domin kwafe amsoshi a wannan sashe, don haka ki riƙa cike takardar amsa da zarar kin gama kowane matani. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ki bar gurbi ko ɗaya fayau. Inda aka ce kada amsa ta wuce kalma biyu, kalma uku faɗuwa ce ko da ma'anar ta yi daidai, kuskuren harafi ma haka, alhali kalmar tana nan a matanin, kwafowa kawai za ki yi.

Wajen shiri a gida kuwa, yawan gwaji ba shi ne ke ɗaga maki ba idan ba a bin diddigin kuskure. Ki samu kundin tsofaffin tambayoyin da Jami'ar Cambridge ke bugawa, domin tana cikin masu jarrabawar tare da hukumar British Council da kamfanin IDP, kuma tambayoyin da ake tsinta barkatai a intanet sau da yawa amsoshinsu ba su da tushe. Bayan kowane gwaji na awa ɗaya, ki ware wata awar ki koma kan duk tambayar da kika faɗi, ki nemo jimlar da amsar take ciki, ki rubuta a littafi kalmar da tambaya ta yi amfani da ita da wadda matanin ya yi amfani da ita a madadinta, sannan ki rubuta dalilin faɗuwar: rashin gano wurin ne, ko rashin sanin kalma, ko gaggawa. Cikin 'yan makonni za ki ga kuskurenki iri biyu ne ko uku suke ta maimaita kansu. Kafin ki biya kuɗin jarrabawa gaba ɗaya kuma, ki bincika tsarin da ke ba wanda ya rubuta ta a kwamfuta damar sake sashe guda kaɗai cikin kwana 60, ki tabbatar cibiyarki na bayar da shi kuma hukumar da kike nema tana karɓar sakamakonsa.

TAMBAYA: Malam, ina shirin neman digiri na biyu a ƙasar waje, wani abokina ya ce in haddace kalmomi 50 kullum daga ƙamus kafin jarrabawar. Shin wannan hanya ce mai ɓullewa? Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, niyyar abokinka mai kyau ce, amma kalmar da aka haddace ba tare da jimla ba ba ta daɗewa a ka, kuma ƙamus bai bambance maka wadda za ka ci karo da ita da wadda ba za ka taɓa gani ba. Idan jeri kake so, akwai wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ta fitar a shekarar 2000, mai ɗauke da gidajen kalmomi 570, wato kowace kalma da 'yan'uwanta masu tushe ɗaya, da suka fi yawo a rubuce-rubucen ilimi na fannoni daban-daban, kuma ana samunsa kyauta. Ka haɗa shi da karanta maƙala ɗaya a kullum daga mujallu irin su New Scientist ko National Geographic, domin daga littattafai da mujallu da jaridu ake ɗebo matanonin jarrabawar, kuma an rubuta su ne domin mai karatu na gama-gari. Ka fi ba da ƙarfi ga fannin da ba naka ba: idan injiniya ne kai, ka karanta tarihi da halayyar ɗan Adam, idan kuma adabi ka karanta, ka nemi maƙalu a kan ƙwari da yanayi da taurari. Duk kalmar da ta tare ka, ka fara gwada cinkar ma'anarta daga jimlar da take ciki kafin ka buɗe ƙamus, domin ranar jarrabawa ba a shiga da shi.