Hatimin lauya kaɗai ya isa a karɓi takarduna a ƙasar waje?

Tambaya: Salam Malam, na samu gurbin karatu a waje, sun ce in kawo satifiket ɗin digiri da takardar haihuwa waɗanda aka tantance. Na kai wa lauya ya buga hatimi, ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ɗan'uwa da wuya ya isa, don mutanen can ba su san lauyan nan ba balle sa hannunsa.

Fara bincikawa ko ƙasar da ta ba ka takardun da wadda za ka duk suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wato yarjejeniyar ƙasashe kan tantance takardu. In suna ciki ka huta, tantancewa ɗaya ce ana ce mata apostil, hukumar da ƙasarku ta naɗa ke bayarwa, ba ruwanka da embasi. Ƙasashe sun haura 120 a ciki, a Saudiyya ta fara aiki 2022, Sin 2023, Kanada 2024.

In kuwa ɗaya ba ta ciki to sai doguwar hanya, satifiket ya bi ta ma'aikatar ilimi, daga nan ma'aikatar harkokin waje, sannan embasin ƙasar da za ka, kuma dole a jere don kowane ofis sa hannu da hatimin wanda ya gabace shi yake tabbatarwa, ka tsallake ɗaya za su maido ka. A ƙasar da ta fitar da takardar ake yin duk wannan, saboda haka gama kafin ka hau jirgi.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shi ne lamineshin. Mutum ya manne satifiket ɗinsa cikin roba wai yana adanawa, ya je ofis a rasa inda hatimi zai kama, wasu ma ko karɓa ba sa yi. Don Allah kar ka yi. Sai suna, fasfo Muhammad, satifiket Mohammed, wannan ɗan bambancin kan tsayar da komai, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu in haka naka yake.

In ba da harshensu aka rubuta takardun ba, za su nemi fassara daga mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Ka tura wa makarantar imel su rubuto maka ko orijinal suke so ko kwafi, da ko fassarar ma sai an tantance ta, kafin ka kashe ko sisi.